Kada ka tafi sarar bishiyar da ta tare hanya kai kaɗai

Duk daren da aka yi iska mai ƙarfi, na san washegari sai an kawo mana wani da rauni a asibitinmu. Labarin ba ya canzawa. Bishiya ta faɗi ta tare 'yar hanyar ƙafa, irin wadda sawun jama'a ya fitar a daji, babu hukumar da ke kula da ita, sai mutum ya saɓa gatari ya tafi shi kaɗai wai zai buɗe wa mutane hanya. Niyya mai kyau, Allah ya saka masa. Amma shi kaɗai!

An taɓa kawo mana wani saurayi, haɓarsa a fashe, yana riƙe da haƙoransa biyu a tafin hannu. Reshe ne ya lanƙwashe a ƙarƙashin gangar bishiyar kamar baka da aka ɗana, sara ɗaya ya yi masa, reshen ya zabura ya same shi a fuska. Wani kuma ya datse gangar kusa da gindi, nauyi ya sauka, tushen da ya tumɓuke ya koma cikin raminsa ya danne masa ƙafa. Tun hantsi yake nan har la'asar kafin masu wucewa su ji ihunsa.

Haba jama'a! Saurin me ake yi? Hanyar nan ba gudu za ta yi ba. Sau nawa za mu faɗa? Ku je ku biyu ko uku, kuma a gida a san inda kuka nufa.

Kafin gatari ya taɓa itace, ku zagaya bishiyar ku duba. In ta rataye a kan wata, ku bar ta, wannan aikin gwanaye ne. In da wayar lantarki a jikinta, ku ja baya aƙalla mita 10, ku sanar da masu wuta. Ku fara da ƙananan rassa, kuna tsaye ta gefen tudu. Wanda bai iya injin yankan itace ba, kada ya ara.

In an ji rauni, a danne wurin da tsumma mai tsabta, kada a zuba ƙasa ko toka, a kawo mai raunin asibiti a ranar. In allurar tetanus ɗinsa ta wuce shekara 5, ku faɗa mana tun a ƙofa.