Shari'ar Terri Schiavo

Shari'ar Terri Schiavo taƙaddama ce da aka yi shekara bakwai ana yi a kotunan Amurka, daga 1998 zuwa 2005, a kan ko za a cire wa wata mata da ƙwaƙwalwarta ta lalace robar da ake ba ta abinci da ita. Rigimar ta faro ne tsakanin mijinta da iyayenta, amma kafin a kai ƙarshe sai da gwamnan jihar Florida da Majalisar Dokokin Amurka da shugaban ƙasa da Fadar Fafaroma duk suka tsoma baki.

Asalin lamarin

An haifi Theresa Marie Schindler, wadda ake kira Terri, ran 3 ga Disamba 1963 a jihar Pennsylvania, a gidan mabiya ɗariƙar Katolika. Ta auri Michael Schiavo a 1984, daga baya suka koma Florida. Da asubahin 25 ga Fabrairu 1990 ta yanke jiki ta faɗi a gidansu da ke St. Petersburg, zuciyarta ta tsaya. An samu an farfaɗo da zuciyar, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta daɗe babu iska. Shekarunta 26 a lokacin.

Halin da ta shiga yana da wuyar fahimta ga wanda bai taɓa gani ba, kuma nan ne tushen rigimar. Ba dogon suma ba ne, ba kuma mutuwar ƙwaƙwalwa ba ce. Tana numfashi da kanta ba na'ura, tana barci tana farkawa, tana buɗe ido, wani lokaci ta yi nishi ko fuskarta ta motsa kamar mai murmushi. Likitoci suka ce ɓangaren da ke riƙe da numfashi da bugun zuciya ne kawai ya rage, ɓangaren tunani da sanin kai ya tafi. Uwa kuwa da ta sunkuya a kan 'yarta ta ga ido a buɗe, da wuya a gamsar da ita cewa babu kowa a bayan idon. Terri ba ta iya haɗiya, don haka aka huda cikinta aka sa roba ana zuba mata abinci da ruwa.

A shekarun farko mijin da surukansa, Robert da Mary Schindler, bakinsu ɗaya, har California aka kai ta neman magani. A 1992 kotu ta ba da diyya kan sakacin likita, kusan dala 750,000 don jinyarta da 300,000 ga mijin. A 1993 suka ɓata, ba su ƙara shiryawa ba.

A gaban kotu

A 1998 Michael, wanda shi ne waliyyinta a doka, ya nemi kotu ta yarda a cire robar. Terri ba ta bar komai a rubuce ba. Abin da ya kawo shi ne shaidar baki, tasa da ta wasu danginsa biyu, cewa sun ji ta ce ba ta son a riƙe ta da na'ura. Iyayen suka ce 'yarsu Katolika ce, ba za ta zaɓi haka ba. Suka ƙara da cewa mutumin da ya riga ya zauna da wata mace, har daga baya suka haihu, bai cancanci ya yi magana da yawunta ba.

Dokar Amurka ta riga ta share hanya tun shari'ar Karen Ann Quinlan a 1976 da ta Nancy Cruzan a 1990: marar lafiya na da ikon ƙin magani, kuma jiha na iya neman ƙwaƙƙwarar hujja kan abin da yake so idan ba ya iya magana. A Fabrairun 2000 alƙali George Greer ya yanke cewa hujjar ta samu. An cire robar a Afrilun 2001, bayan kwana biyu wata kotu ta sa aka mayar. A 2002 likitoci biyar suka duba ta. Biyun da mijin ya kawo da ɗayan da kotu ta naɗa suka ce babu fatan warkewa, biyun da iyayen suka kawo suka saɓa.

Bakin malaman addini

Tambayar da ta raba mutane ita ce: robar nan magani ce ko abinci? Idan magani ce, ana iya dakatar da ita kamar yadda ake kashe na'urar numfashi a bar ajali ya yi aikinsa. Idan abinci ce, cire ta kisa ne da yunwa da ƙishirwa. A Maris 2004 Fafaroma John Paul na biyu ya ce ba marar lafiya abinci da ruwa, ko da ta roba ne, kulawa ce ta yau da kullum wadda a asali wajibi ce. Wannan ya ƙarfafa iyayen ƙwarai. Sai dai wasu malaman Katolika sun tsaya kan tsohuwar koyarwar cocin, cewa ba dole ba ne a ci gaba da abin da ba ya kawo sauƙi.

Kiristoci 'yan bishara masu adawa da zubar da ciki sun ɗauki lamarin a matsayin yaƙinsu, suka yi ta kwana da addu'a a ƙofar gidan jinyar da take kwance a Pinellas Park, har aka kama wasu da suka yi yunƙurin shiga da ruwa a kofi. Ba masu ra'ayin riƙau kaɗai ba ne. Jesse Jackson, limamin coci mai fafutukar 'yancin baƙar fata, ya zo ya tsaya wa iyayen, haka ma ƙungiyoyin naƙasassu, waɗanda tsoronsu na gaskiya ne: in aka fara auna darajar rai da lafiyar jiki, su za a fara taɓawa. Shi kansa Greer ɗan cocin Baptis ne, kuma shari'ar ta raba shi da cocinsa.

Shigar gwamnati

Da aka sake cire robar ran 15 ga Oktoba 2003, majalisar Florida ta yi doka cikin gaggawa don mutum ɗaya tak, Gwamna Jeb Bush ya ba da umarni aka mayar bayan kwana shida. A Satumban 2004 Kotun Ƙolin Florida ta soke dokar baki ɗaya, ta ce gwamna ba shi da hurumin warware hukuncin kotu.

An cire robar karo na uku ran 18 ga Maris 2005. Nan Majalisar Dokokin Amurka ta yi abin da ba a saba gani ba, ta zauna a ƙarshen mako ta yi dokar da ta miƙa shari'ar ga kotunan tarayya. Majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 203 da 58 bayan tsakar dare. Shugaba George W. Bush ya katse hutunsa a Texas ya dawo Washington ya sa hannu da misalin ƙarfe ɗaya na daren 21 ga Maris. Jagoran masu rinjaye a majalisar dattawa, Bill Frist, likitan zuciya ne, ya nuna shakku kan binciken likitocinta bayan ya kalli bidiyo ba tare da ya duba ta ba, abin da bai dace da likita ba. Jam'iyyar Republican, wadda ta saba kiran a rage katsalandan ɗin gwamnatin tarayya, ita ce ta ja gaba, kuma ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna yawancin Amurkawa ba su ji daɗin hakan ba.

Dokar ba ta sauya komai ba. Alƙalin tarayya James Whittemore ya ƙi ba da umarnin mayar da robar, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansa, Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraro. Terri ta rasu ran 31 ga Maris 2005 tana da shekara 41, kwana 13 bayan cire robar, kwana biyu kafin rasuwar Fafaroman.

Bayan rasuwarta

Rahoton binciken gawa ya fito a watan Yuni. Ƙwaƙwalwarta giram 615 ce, kusan rabin nauyin da ya kamata, lalacewar ba mai gyaruwa ba ce, kuma ba ta gani. Ba a sami alamar shaƙewa ko duka ba, zargin da aka daɗe ana yi wa mijin, ba a kuma gano abin da ya kayar da ita tun farko ba. Rahoton ya amsa tambayar likitoci, amma bai taɓa hujjar iyayen ba, domin su sun ce ko ba za ta warke ba a shirye suke su yi jinyarta. A 2007 Fadar Fafaroma ta sake jaddada matsayinta kan abinci da ruwa. Danginta suna gudanar da gidauniya da sunanta don taimaka wa iyalan masu irin wannan larura, kuma a watannin da suka biyo baya Amurkawa da yawa sun nemi takardar wasiyyar jinya, wadda mutum ke rubuta irin kulawar da yake so tun yana da bakin magana.