Illar Yawan Cin Gishiri ga Lafiyar Ɗan Adam

Gishirin miya haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kuloraid, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa sodiyam ne. Jiki na buƙatar sodiyam don daidaita ruwan jiki da aikin jijiyoyi da motsin tsoka, sai dai ɗan kaɗan ya wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Amma rahoton da ta fitar a 2023 ya nuna cewa matsakaicin abin da mutum ke ci a duniya ya kai giram 10.8, fiye da ninki biyu. Hukumar ta kuma danganta mutuwar mutane kimanin miliyan 1.89 a kowace shekara da yawan cin sodiyam.

Yadda yake ɓarna a jiki

Sodiyam yana jan ruwa. Idan ya yi yawa a jini, sai jiki ya riƙe ruwa don ya tsarma shi. Shi ya sa ƙishirwa ke taso wa mutum bayan ya ci tsire mai yaji. Ƙaruwar ruwan na ƙara yawan jinin da ke bin jijiyoyi, zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi, ƙoda kuma ta sha wahalar fitar da rarar. Yau da gobe sai jijiyoyin su yi tauri, hawan jini ya samu wurin zama, wato awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye.

Babban abin tsoro shi ne hawan jini ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru yana harkokinsa lafiya lau, ba ciwon kai ba jiri, sai wata safiya a tarar baki ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi. Shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya da mutuwar ƙoda su ne manyan 'ya'yansa. Bayan su, an danganta yawan gishiri da kansar ciki, da tsakuwar ƙoda, da raunin ƙashi, domin yana sa jiki zubar da sinadarin kalsiyam ta fitsari. Tsofaffi da masu ciwon sukari ko na ƙoda sun fi saurin kamuwa da hawan jini, haka ma an lura jinin baƙar fata da yawa ya fi saurin hawa da gishiri.

Wani babban bincike mai suna INTERSALT da aka wallafa a 1988 ya duba mutane sama da 10,000 a ƙasashe 32. A cikinsu akwai 'yan ƙabilar Yanomami na dajin Barazil, waɗanda kusan ba sa cin gishiri. Su jininsu ba ya hawa ko da girma ya zo.

Inda gishirin ke ɓuya

A ƙasashen Turai da Amurka, mafi yawansa daga abincin kamfani yake zuwa: burodi, cuku, naman gwangwani. A ƙasar Hausa kuwa, wadda ta daɗe da sanin darajar gishiri tun zamanin ayarin raƙuman da ke ɗauko kantu daga Bilma, tukunya ce tushen lamarin. Uwargida za ta barbaɗa gishiri a miyar kuka, ta murmusa dunƙule uku ko huɗu, alhali wajen rabin kowane dunƙule gishiri ne. Ta jefa kanwa don miya ta yi yauƙi, ita ma kanwar sodiyam ce a cikinta, ko da harshe bai ji ta a matsayin gishiri ba. A kan tabarma kuma ga yaji, wanda aka daka da gishiri da wani dunƙulen. Babu wanda ya yi ganganci a nan. Kowanne ɗan kaɗan ne, tarin ne ke kai ga cuta. Ga kuma kilishi da taliyar leda da yara ke ci da garin ƙunshinta gaba ɗaya.

Ragewa

A 2013 ƙasashen duniya suka amince su rage cin gishiri da kashi 30 cikin 100 kafin 2025, amma kaɗan ne suka yi nisa. Birtaniya ta sa kamfanoni sun rage a hankali, cin mutum ɗaya a rana ya sauko daga giram 9.5 zuwa 8.1 tsakanin 2003 da 2011. Afirka ta Kudu kuwa doka ta kafa, wadda ta fara aiki a 2016.

A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, an gwada gishirin da aka maye rubu'insa da sinadarin fotasiyam a kan mutane kusan 21,000, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Sai dai mai ciwon ƙoda kada ya taɓa irin wannan gishiri sai da izinin likita.

A gida, daddawa da tafarnuwa da citta da albasa na iya ɗaukar nauyin ɗanɗano. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni idan an rage sannu a hankali. Ɗan abin da za a sa kuma ya zama mai sinadarin aidin, domin shi ke kare mutum daga maƙoƙo.