Naira 70,000: wa dokar ta shafa, wa ta bari a rana?

A ranar 29 ga Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a gyaran dokar mafi ƙarancin albashi. Kuɗin ya tashi daga Naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000, kuma za a riƙa sake duba shi duk shekara 3 maimakon 5. Da yawa na ɗauka ta ma'aikatan gwamnati ce kaɗai. Ba haka ba ne, ta hau kan kamfanoni masu zaman kansu ma.

Sai dai waɗanda ta cire sun fi waɗanda ta rufa wa asiri yawa. Duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, babu ruwanta da shi. Haka mai aikin da ba na cikakken lokaci ba, da mai cin kamisho, da ɗan jinga, da ɗan ƙwadagon gona na damina. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba su cikin tsarin takarda da albashin wata.

Kasuwar aiki ke nan ta rabu biyu. Ɗauki yaron shago a Kantin Kwari: da safe ya share, ya jera atamfa, da yamma maigida ya damƙa masa kuɗin mota da na abinci. Ba takarda, ba ƙungiyar ƙwadago. Malamar ƙaramar makarantar kuɗi mai malamai 12 ma tana sahu ɗaya da shi, duk da shaidar karatunta.

Abin da ba a cika lura da shi ba, wannan rabuwa tana jan albashin manyan kamfanoni ƙasa. Mai masana'anta ya san in ka yi fushi ka tafi, ga wasu a bakin get suna jira. Shi ya sa ake ɗaukar lebura ta hannun ɗan kwangila, a biya shi kullum-kullum, ya shekara yana aiki ba a tabbatar da shi ba. A ganina, nan ne dokar ta fi yoyo.

Wanda dokar ta shafa kuma aka biya shi ƙasa da 70,000, yana iya kai kuka ga ƙungiyarsa ko Ma'aikatar Ƙwadago, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya nemi cikon kuɗinsa. Ya adana takardar ɗaukar aiki da alat ɗin banki, don su za a fara tambaya.