Yawon babur a hanyar inabi ta Alsace

Hanyar inabi ta Alsace titi ne na yawon buɗe ido a gabashin ƙasar Faransa dab da iyakar Jamus, tsawonta kusan kilomita 170, ta taso daga Marlenheim a arewa ta sauka Thann a kudu, tana bin gindin tsaunukan Vosges ta cikin gonakin inabi da tsofaffin garuruwa masu ganuwa. An buɗe ta a 1953, tana cikin mafi daɗewa irinta a Faransa. Kamfanonin yawo na shirya wa masu babur tafiya a ayari a kanta, yawanci daga Mayu zuwa Oktoba, mutum ya zo da nashi babur ko ya karɓi na haya.

Yadda ake tafiyar

Jagora ne a gaba, shi ya san hanya da inda za a tsaya, wani kuma yana can baya kada a bar kowa, a wasu ayarin ma da mota mai ɗauke da jakunkuna. Ba gudu ake ba gaskiya, cikin gari kilomita 50 ne iyaka kuma ƙauyukan suna manne da juna ka fita wannan ka shiga wancan, shi ya sa hanyar da za a iya cinye ta a yini guda ake raba ta kwana uku ko fiye. Hular kwano dole ce, safar hannu ma tun 2016 doka ta wajabta. Ɗanɗanon giyar inabin da ake yi a yankin sai da yamma bayan an ajiye babura, don dokar Faransa ba ta yarda giya a jinin direba ta kai giram 0.5 a lita ba. Wanda ba ya sha akwai ruwan inabi marar sa maye, amma Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci, abincin yankin da yawa da naman alade ake yi.

Tarihin garuruwan

Nan ne ainihin abin da ke kai mutum. A ƙarnukan tsakiya Alsace tana ƙarƙashin daular Rum mai tsarki ta Jamusawa ne, kuma kuɗin giyar da ake lodawa a jiragen ruwa ta kogin Ill zuwa Rhine su suka gina garuruwan nan. A 1354 garuruwa goma suka ƙulla ƙawance don kare kansu, a ciki akwai Colmar da Obernai da Kaysersberg da Turckheim, duk suna kan hanyar yau. Sai yaƙin shekara talatin (1618 zuwa 1648) ya zo ya ɗaiɗaita yankin, gonaki suka mutu mutane da yawa suka halaka, bayan sulhun 1648 Faransa ta fara shigowa a hankali har ta haɗa da Strasbourg a 1681. Jamus ta karɓe a 1871, Faransa ta dawo a 1918, Jamus ta sake mamayewa a 1940 sai 1945 aka gama fitar da ita. Shi ya sa sunayen garuruwan na Jamusanci ne alhali Faransanci ake yi a kan titi.

Riquewihr na cikin garuruwan da yaƙi ya ƙyale, ganuwarta na nan da hasumiyar ƙofa da ake kira Dolder wadda aka gina a 1291, da gidaje masu gwangwalar katako a jikin bango yawancinsu na ƙarni na 16 da 17, babur a bakin gari ake barin shi a shiga da ƙafa. Eguisheim kuma lungunanta zagaye suke kamar faifai sun kewaye fada a tsakiya, ana cewa nan aka haifi Fafaroma Leo na 9 a 1002, ko da yake wasu na cewa a wani gari mai suna Dabo ne. A Kaysersberg aka haifi Albert Schweitzer a 1875, likitan da ya kafa asibiti a Lambaréné ta ƙasar Gabon a 1913. A Turckheim har yanzu da bazara mai gadin dare na fita da fitila ƙarfe goma yana zaga gari yana waƙa kamar yadda ake yi a da, wannan al'ada ta cancanci a kwana a garin saboda ita.

Gidan sarautar Haut-Koenigsbourg yana kan dutse mai tsawon mita 757, titin hawansa lanƙwasa ne cikin kurmi, masu babur na son shi sosai. An fara ambatonsa a rubuce a 1147, sojojin Suwidin suka ƙona shi a 1633 ya zauna kufai sama da shekara ɗari biyu, sai sarkin Jamus Wilhelm na 2 ya sa aka sake gina shi daga 1900 zuwa 1908. An yi ta gardama ko ginin ya yi daidai da na asali.

Ba duka garuruwan ne suka tsira ba. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, an gwabza a kewayen Colmar, Bennwihr da Sigolsheim suka zama toka, abin da ake gani yau sabon gini ne. A tudun da ke saman Sigolsheim akwai maƙabartar sojojin Faransa, kaburbura da yawa a ciki na Musulmi ne 'yan arewacin Afirka da suka mutu a wannan yaƙi, kuma daga titin inabin minti kaɗan ne a hau a ziyarce su.

Inabin

Tsaunukan Vosges na tare hadarin da ke tasowa daga yamma, don haka Colmar na cikin garuruwan Faransa mafi ƙarancin ruwan sama, inabi kuwa haka yake so. Yawancin giyar fara ce, irin Riesling da Gewurztraminer da Pinot gris. Gonaki 51 ne ke da babban matsayin da ake ba waɗanda giyarsu ta fi inganci.

Titin saman tsauni

Kusan kowane ayari na ware yini ɗaya ya bar gonaki ya hau Route des Crêtes, titin da sojojin Faransa suka fasa a yaƙin duniya na farko don kai kaya bakin daga ba tare da Jamusawa sun gani ba. Yana bi ta mashigar tsauni da ake kira Col de la Schlucht ya wuce gefen Grand Ballon mai mita 1,424, ƙololuwar Vosges kenan, da sanyi ƙanƙara na rufe wani sashe nashi. Mazauna wurin na kuka da ƙarar babura, masu babur kuma na adawa da taƙaita musu hanya.

Tsuntsun yankin

Alamar Alsace wani farin tsuntsu ne ɗan'uwan shamuwa mai sheƙa a saman coci da rufin gidaje, da kaka wasu ke ƙetare Sahara su yi hunturu a Afirka ta yamma, wasu kuma yanzu a Sifaniya suke tsayawa.