Wa ke biyan kuɗin fim? Tambayoyi da amsoshi kan Kannywood

Kannywood da Nollywood abu ɗaya ne?

A idon gwamnatin tarayya duk fim ɗin Najeriya ne. A kasuwa kuwa kowa da harshensa, da masu kallonsa, da hanyar da kuɗinsa ke bi. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, kafin kasuwar fim ɗin bidiyo ta kudu ta kankama a 1992, saboda haka a daina cewa reshe ce.

Me ke sa a ce fim na wata ƙasa ne?

Inda kamfanin ya yi rajista, inda kuɗin ya fito, da waɗanda suka yi aikin. Wani lokaci harshe ma yana shiga. A 2019 masu gasar Oscar sun fitar da fim ɗin Najeriya Lionheart daga rukunin fina-finan ƙasashen waje saboda yawancin maganarsa Turanci ce. A 2024 Najeriya ta tura Mai Martaba, wanda aka yi da Hausa.

Gwamnati ba ta taimakawa ne?

Tana yi, jefi-jefi. Akwai Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da ke Jos, wadda aka kafa a 1979, kuma a 2013 an ware naira biliyan 3 a shirin Project ACT Nollywood. Bankin Masana'antu da Babban Banki ma sun buɗe hanyar rance. To amma rance ba kyauta ba ne. Za a nemi rajistar kamfani, da bayanan asusu, da jingina. Furodusan da lissafinsa ke cikin kansa, yana biyan mai kyamara daga aljihun gaba, wa zai ba shi rance? Ku gyara takardunku kafin ku yi ƙorafi.

Ina da ɗan jari. In yi fim mai dogon zango in saka a YouTube, ko in sayar wa tashar talabijin?

Ya danganta, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya tak bai san harkar ba. Idan tasha ta saya, ka san kuɗinka tun farko, ka huta da fargaba. Sai dai ka karanta yarjejeniya da kyau: hayar fim ɗin suka yi na shekara ɗaya ko biyu, ko mallakarsa suka saya gaba ɗaya? Sun hana ka saka shi a intanet? Nan ne mutane da yawa ke sayar da gona suna zaton amfanin bana kaɗai suka sayar.

YouTube kuwa ba ya biyanka sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara. Ko bayan haka, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla ne naka, kuma ba a turo maka sai ya kai dala 100. Kuɗin tallan ma ba ɗaya ba ne: kallo daga Saudiyya ko Ingila ya fi kallo daga Kano tsoka nesa ba kusa ba. Saboda haka yawan masu kallo kaɗai ba ya nuna riba.

Ga inda ake faɗuwa. Mutum ya zuba duk jarinsa a fitowa huɗu na farko, ya ɗauko manyan jarumai, ya kama gida mai tsada a lokeshin, yana jiran kuɗin YouTube ya ɗauki nauyin sauran. Kuɗin bai iso ba, fitowar mako ta tsaya, masu kallo suka watse. Idan ba ka da abin da zai kai ka ƙarshen zangon farko ba tare da an biya ka ko sisi ba, kada ka fara. Idan kana da shi, kuma ka samu ɗan kasuwar da zai saka talla a cikin fim ɗin, YouTube na iya fi, tunda fim ɗin yana nan a hannunka. Ina cewa “na iya”. Waƙar da ba ka da izininta kaɗai ta isa ta karkatar da kuɗin tallan zuwa wani.

Dole ne in kai a tace?

Dole. Akwai hukumar tace fina-finai ta tarayya tun 1993, akwai ta Jihar Kano tun 2001, kuma ta Kano tana neman har masu dogon zango su bi ta hannunta.

Me ya kashe kasuwar faifai?

Satar fasaha da wayar hannu. A da ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai shi ke karɓar fim, ya buga, ya rarraba, kuɗi ya dawo wa furodusa ya shiga wani aikin. Da masu tura fim a waya suka cika bakin titi, wannan zagayen ya yanke.

Yaya wasu ƙasashe ke riƙe tasu?

Da doka. Faransa na cire kusan kashi 11 cikin ɗari daga kowane tikitin sinima, har na fim ɗin Amurka, ta zuba a asusun fina-finanta. Koriya ta Kudu ta wajabta wa sinimomi nuna fim ɗin gida kwana 73 a shekara. Duka biyun sun dogara ne da gidajen kallo da ake ƙirga tikiti, abin da ya yi ƙaranci matuƙa a arewa.