Tara Tsofaffin Katunan Gidan Waya da Gane Shekarunsu

Katin gidan waya takarda ce mai kauri wadda girmanta bai fi tafin hannu da yawa ba, ana rubuta saƙo da adireshi a jikinta, a manna kan sarki, a aika ba tare da ambulan ba. Tara irin waɗannan katuna da nazarinsu fanni ne mai zaman kansa da ake kira deltiyoloji, sunan da Randall Rhoades ya ƙirƙira a Amurka a 1945 daga wata kalmar Girkanci mai nufin ƙaramin allon rubutu. Katunan da masu tarawa suka fi mai da hankali a kansu su ne waɗanda aka buga tsakanin wajejen 1898 da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da katin mai hoto ya zama hanya mafi arha ta aika gajeren saƙo, kuma hanyar da talakawa ke ganin hotunan garuruwan da ba su taɓa zuwa ba.

Asali

Heinrich von Stephan, jami'in gidan waya a Jamus, ya kawo shawarar takardar saƙo marar ambulan a 1865, amma ba a karɓa ba, domin ana ganin bai dace kowa ya iya karanta saƙon wani ba. Daular Ostiriya-Hangari ce ta fara fitar da katin hukuma ranar 1 ga Oktoba 1869, bayan da malamin tattalin arziki Emanuel Herrmann ya yi kira a kan haka a wata jarida. Birtaniya ta biyo baya a 1870 da kati na ɗari, wato rabin kwabo, sannan Amurka a 1873. Waɗannan katunan farko ba su da hoto, kan sarkinsu a buge yake a jikinsu, kuma hukuma ce kaɗai ke sayar da su. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a 1874, ta ƙayyade iyakar girmansu a 1878 zuwa santimita 14 a tsawo da 9 a faɗi, kuma wannan awo ya daɗe yana aiki.

Hoto ya shigo ne bayan an bar madaba'o'i masu zaman kansu su buga nasu. A ƙasashen da ke jin Jamusanci, shekarun 1890 sun kawo katuna masu launi ɗauke da ƙananan hotuna biyu ko uku na gari guda da kalmomin gaisuwa daga wannan gari. Birtaniya ta yarda da katunan 'yan kasuwa a 1894, amma sai a 1899 ta amince da cikakken girman da sauran ƙasashen Turai ke amfani da shi. Amurka ta yi tata dokar a watan Mayu 1898.

Zamanin bunƙasa

Daga 1900 zuwa 1914 katin gidan waya ya yi tashen da bai sake yi ba. Alƙaluman hukumar gidan waya ta Amurka sun nuna cewa a shekarar kasafin da ta ƙare a watan Yuni 1908 an aika katuna sama da miliyan 677, alhali jama'ar ƙasar ba su kai miliyan 90 ba. A wancan lokaci, a manyan biranen Ingila ana raba wasiƙu sau da dama a yini, har mutum kan aika kati da safe yana sanar da zuwansa da yamma. Wani kaso mai yawa na katunan ba a saye su don aikawa ba, an saye su ne don a jera a kundi a ajiye a ɗakin baƙi, kuma wannan ne dalilin da ya sa har yau ake samun miliyoyinsu sumul ba rubutu.

Jamus ce cibiyar ɗab'in. Madaba'o'in Sakisoni da Babariya sun ƙware wajen buga launi da dutsen ɗab'i, saboda haka 'yan kasuwa daga Amurka, Indiya da gaɓar Afirka ta Yamma sukan aika hotunansu can a buga, a dawo da su ta jirgin ruwa. Harajin shigo da kaya da Amurka ta ƙara a 1909 ya raunana wannan ciniki, yaƙin 1914 kuma ya yanke shi. Cikin kamfanonin da suka yi fice akwai Raphael Tuck & Sons na Landan, wanda ya fara jerin katunan zane da ya kira Oilette a 1903, da Valentine & Sons na Sikotland, da Curt Teich na Shikago. Bam ya ƙone hedikwatar Tuck a watan Disamba 1940 tare da rajistar katunansa, asarar da ta sa masu tarawa ne da kansu suka sake haɗa jerin abin da kamfanin ya buga, kati bayan kati.

Gane shekarun kati

Kati guda yana da lokuta uku da bai kamata a cakuɗa su ba: lokacin da aka ɗauki hoton, lokacin da aka buga katin, da lokacin da aka aika shi. Mai madaba'a yakan riƙe hoto guda ya yi ta sake buga shi shekara goma ko ashirin, wani lokaci ma ya goge keken doki ya sa mota don hoton ya yi kama da sabo. Kati kuma yakan daɗe a kanti ko a akwati kafin wani ya rubuta a kansa. Saboda haka tambarin gidan waya yana nuna ranar aikawa kawai, wato iyakar da katin ba zai wuce ba, amma bai faɗi shekarar haihuwarsa ba. Yawancin kurakuran da ake gani a bayanan 'yan kasuwa daga rashin wannan bambancewa suke fitowa.

Shaida ta farko tana bayan katin. Da farko doka ta ware bayan duka don adireshi, shi ya sa ake barin ɗan fili a ƙasan hoto ko gefensa, mai aikawa ya cusa saƙonsa da ƙananan haruffa. Birtaniya ce ta fara yarda a ja layi a raba bayan gida biyu, saƙo a hagu, adireshi a dama, a 1902. Faransa ta yi haka a ƙarshen 1903, Jamus a 1905, Amurka kuma ranar 1 ga Maris 1907. Taron Ƙungiyar Gidajen Waya da aka yi a Roma a 1906 ya amince da tsarin tsakanin ƙasashe, ya fara aiki a watan Oktoba 1907. Wannan rata ta bar alama mai amfani: katin Ingila da aka buga masa gargaɗin cewa filin saƙon na wasiƙun cikin gida ne kawai, yawanci ya fito ne tsakanin 1902 da wajejen 1907. A Jafan layin ya ware kashi ɗaya cikin uku don saƙo daga 1907, sai a 1918 ya koma tsakiya. Amma kati marar layi ba lallai ne an aika shi kafin waɗannan shekaru ba, tunda an ci gaba da sayar da tsohon kaya har ya ƙare.

Shaida ta biyu ita ce kan sarki da kuɗin aikawa. Sunan da Hausawa suka ba wannan 'yar takarda ya riga ya nuna hanyar, domin kan wanda ke bisa gadon sarauta ne ake dubawa: Sarauniya Biktoriya ta rasu a watan Janairu 1901, kan sarki mai hoton Edward VII ya fito a farkon 1902, na George V kuma a 1911. A Birtaniya kuɗin katin cikin gida ya tsaya a ɗari tun 1870 har zuwa watan Yuni 1918 da ya koma kwabo. Ko da ba a taɓa aika katin ba, sau da yawa ana buga kuɗin a cikin ɗan akwatin da ake manna kan sarki, don haka akwatin da ya ce ɗari a gida, kwabo a waje, yana nuna bugu na kafin tsakiyar 1918. A Amurka kuɗin santi 1 ne, ya koma 2 daga Nuwamba 1917 zuwa ƙarshen Yuni 1919 saboda yaƙi. Katunan sojojin wannan yaƙi galibi ba su da kan sarki, sai tambarin gidan wayar bakin daga da hatimin mai tantance wasiƙu.

Shaida ta uku ita ce yadda aka buga hoton, kuma tana buƙatar madubin ƙara girma. Hoton da aka buga a madaba'a irin na jarida yakan rarrabu zuwa ɗige-ɗige a jere. Wanda aka yi da tsarin kolotayif, wanda ya fi yawa a katunan Faransa da Jamus na kafin 1914, yakan nuna sirara-siraran tsage masu murɗewa. Hoto na ainihi, wanda aka wanke kai tsaye a kan takardar hoto mai bayan kati, ba shi da ɗigo ko ɗaya, kuma wuraren da suka fi duhu a jikinsa sukan yi ƙyallin azurfa idan ya tsufa. Wannan nau'i ya yaɗu ne bayan Kodak ya fitar da kyamarar 3A a 1903, wadda girman hotonta ya yi daidai da kati. Masu yin takardar sukan sa alamarsu a akwatin kan sarki: a takardar AZO, ƙananan dala huɗu masu kallon sama suna nuna wajejen 1904 zuwa 1918, biyu sama biyu ƙasa kuma wajejen 1918 zuwa 1930. Waɗannan shekaru kiyasin masu tarawa ne, kuma jadawali ya kan ɗan saɓa da jadawali.

A katunan Amurka, farin gefe kewaye da hoto ya fi yawa daga wajejen 1915 zuwa 1930, takarda mai kama da saƙar yadi kuma daga 1930 zuwa tsakiyar shekarun 1940.

Sai abin da hoton da rubutunsa ke faɗa. Ginin da aka san shekarar gina shi ko rushe shi, irin mota, wayoyin lantarki, tuta, da sunan gari duk shaida ne. Katin da ya kira birnin St. Petersburg na Rasha da sunan Petrograd ya faɗa tsakanin 1914 da 1924, wanda ya kira babban birnin Norway da sunan Oslo kuwa bai riga 1925 ba.

Katunan Afirka ta Yamma

Tashen katin ya zo daidai da shekarun da Turawa ke kafa mulkinsu a yankin, saboda haka sauye-sauyen sunayen ƙasashe sun zama ma'auni mai kyau. Legas ta yi amfani da kan sarkinta har zuwa haɗe ta da Kudancin Nijeriya a 1906. Arewacin Nijeriya ya sami nasa daga 1900, kuma bayan haɗewar 1 ga Janairu 1914 aka fitar da wanda ke ɗauke da sunan Nijeriya kawai, ko da yake an ci gaba da amfani da ragowar tsofaffin na ɗan lokaci. Katin da ya kira Zungeru mazaunin gwamnan Arewa yana magana ne a kan shekarun 1902 zuwa wajejen 1917, kafin a koma Kaduna. Hoton tashar jirgin ƙasa ta Kano ba zai riga 1911 ba, shekarar da layin dogo ya iso birnin, dalar gyaɗa kuwa ba ta samu ba sai bayan da jirgin ya buɗe kasuwar gyaɗa a 1912. A ɓangaren Faransa, Damagaram ce hedikwatar yankin Nijar daga 1911 zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. Katin da aka buga sunan Kamaru a jikinsa da Jamusanci, wato Kamerun, kusan kullum bugu ne na kafin Jamus ta rasa ƙasar a 1916.

Mafi shahara cikin masu buga katuna a yankin shi ne François-Edmond Fortier, Bafaranshe da ya zauna a Dakar har rasuwarsa a 1928. Ya fitar da hotuna sama da 3,000, ciki har da na doguwar tafiyar da ya yi a 1905 zuwa 1906 ta Gini har Tambutu. Ya sha sake buga hoto guda da sabuwar lamba, wani lokaci da sabon bayani, abin da ke sa a yi taka-tsantsan da rubutun da ke ƙasan hotunansa. 'Yan Afirka ma sun yi wannan sana'a, kuma aikinsu ya cancanci kulawa fiye da wadda aka daɗe ana ba shi: Jonathan Adagogo Green na Bonny, wanda ya rasu a 1905, da Neils Walwin Holm da H. Sanya Freeman a Legas, da 'yan'uwan Lisk-Carew a Saliyo. Hotunan badala da ƙofofin Kano, na fatake, na marina da na mahaya dawakai sun yawaita a katunan wancan zamani, kuma a wasu wurare su ne kaɗai shaidar da ta rage ta ginin da ya rushe.

Masana sun saɓa a kan matsayin waɗannan hotuna. Wasu na ɗaukarsu kayan farfagandar mulkin mallaka da aka shirya don idon Turai, musamman hotunan mata, wasu kuma na ganin ana iya karanta tarihi daga cikinsu idan an yi watsi da bayanin mai bugawa.

Jabu da adanawa

An sake buga tsofaffin katuna da yawa a shekarun baya-bayan nan. Takardar zamani takan yi haske mai shuɗi a ƙarƙashin fitilar tantance kuɗi, saboda sinadarin farantawa da aka fara sa wa takarda daga wajejen shekarun 1950, tsohuwar takarda kuwa ba ta yin haka. Akan kuma sami katin gaske da aka canja masa kan sarki, kuma ana gane shi idan tambarin bai ratsa daga kan sarkin zuwa jikin katin ba.

Rana tana kashe launi, danshi yana kawo tabo da fumfuna, gara da kyankyasai kuma suna cin takardar da mannin da ke jikinta. Ana ajiye kowane kati a tsaye cikin rigar leda marar sinadarin PVC ko takarda marar asid, ba a manna shi da gam ko salatif, ba a kuma ɓare kan sarkinsa, domin cire shi yana raba katin da babbar shaidar shekarunsa. Idan dole ne a yi rubutu a bayansa, da fensir mai laushi ake yi.

Daraja

Farashi ya dogara da ƙarancin katin, lafiyarsa da abin da yake nunawa. Hoto na ainihi na ƙaramin gari, na kasuwa ko na wani abin da ya faru yakan fi hoton sanannen gini da aka buga dubbai tsada. Yau galibin cinikin a intanet ake yin sa.