Mashigin Ruwa na Saint-Martin

Mashigin Saint-Martin hanyar ruwa ce da aka haƙa da hannu a gabashin birnin Paris na ƙasar Faransa. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4.5. Ya taso daga tafkin La Villette a arewa, ya gangaro kudu zuwa tafkin Arsenal kusa da dandalin Bastille, inda yake haɗuwa da kogin Seine. Kusan rabinsa a ƙarƙashin ƙasa yake. An haƙa shi ne don ruwan sha da dakon kaya, amma a yau gaɓarsa ta zama dandalin hira da shan iska ga mutanen unguwa.

Tarihi

A farkon ƙarni na 19 mutanen Paris sun dogara da kogin Seine da rijiyoyi, kuma ruwan ba shi da tsabta. A watan Mayu na 1802 Napoleon Bonaparte ya ba da umarnin janyo ruwan kogin Ourcq zuwa birnin, tare da haƙa hanyoyin da jiragen kaya za su bi su kauce wa lanƙwasar Seine da cunkoson tsakiyar gari. Da harajin da aka ɗora wa giya aka tara wani ɓangare na kuɗin aikin. Tafkin La Villette ya cika a 1808, amma yaƙe-yaƙe da ƙarancin kuɗi sun ja aikin baya. Sai a wajajen 1822 aka shiga haƙar Saint-Martin gadan-gadan, aka buɗe shi a 1825, zamanin Sarki Charles na 10.

Daga nan jirage suka riƙa shigo da hatsi, itace, gawayi da duwatsun gini. Rumbunan ajiya da masana'antu suka cika gaɓa biyu, unguwar ta zama ta leburori da 'yan dako.

Tsakanin 1860 da 1862 Haussmann, wanda ya sake fasalin Paris a mulkin Napoleon na 3, ya sa aka zurfafa sashen kudu aka rufe shi da rufin dutse, aka shimfiɗa titin Richard-Lenoir a kai. Masana tarihi da dama na ganin har da dalilin tsaro, domin ruwan yana tare wa sojoji hanyar shiga unguwannin gabas masu yawan bore. An ƙara rufe wani guntu a farkon ƙarni na 20.

Da jirgin ƙasa da manyan motoci suka karɓe dako, mashigin ya koma kamar kufai. A shekarun 1960 hukumomi suka kawo shirin shimfiɗa babbar hanyar mota a kansa. Mazauna unguwa suka ƙi, aka jingine shirin a farkon shekarun 1970. Wannan tsayin daka ya cancanci a tuna da shi, don ba domin shi ba da yanzu babu ruwan da za a zauna a bakinsa. A 1993 aka sanya mashigin cikin kayan tarihin da doka ta kare.

Yadda yake aiki

Tsakanin La Villette da Seine akwai gangaren kusan mita 25. Jirgi yana sauka ko hawa ta ɗakunan ruwa 9 masu ƙofofi: a rufe shi a ciki, a rage ruwa ko a ƙara har ya yi daidai da na gaba, sannan a buɗe masa. Akwai gadoji biyu masu juyawa, da gadojin ƙarfe na masu tafiya a ƙasa, inda yara kan tsaya kallo.

Bayan shekara 10 zuwa 15 akan zuƙe ruwan don yashewa da gyara. A aikin farkon 2016 an kwashe kifayen zuwa wani wuri, aka tsamo kekuna, babura da kwalabe masu ɗimbin yawa daga cikin laka.

Wurin taruwar jama'a

Titunan Valmy da Jemmapes ne suka sa mashigin a tsakiya. Ranakun Lahadi akan hana motoci bin su, sai masu keke, masu gudun motsa jiki da iyaye da 'ya'yansu. Da zafi ya shigo, da yamma mutane kan jeru a bakin ruwa da abincinsu, ƙarƙashin tsofaffin itatuwa. Zama a nan ba ya buƙatar ko sisi, abin da ke da muhimmanci a unguwar da gidaje ƙanana ne kuma filin shaƙatawa ya yi ƙaranci.

Shirin bazara na Paris Plages, wanda magajin gari Bertrand Delanoë ya fara a 2002, ya iso tafkin La Villette a 2007 da tuƙin kwale-kwale, raye-raye da wasannin yara. Tun 2017 ake kafa wuraren ninkaya kyauta a cikin tafkin, ana auna tsabtar ruwan a kai a kai, a rufe idan ya gurɓata.

Gaɓar ta zama wurin kai kuka ma. A Disambar 2006 ƙungiyar Les Enfants de Don Quichotte ta jera tantuna a nan don nuna halin marasa matsuguni, kuma a Maris na 2007 Faransa ta kafa dokar da ta ba mutum damar neman haƙƙinsa na muhalli a kotu.

Saɓani

Mazauna na kokawa da hayaniyar dare da shara. Kuɗin haya ya tashi, talakawa da yawa sun bar unguwar. A 2018 'yan sanda sun tashi sansanin 'yan gudun hijira da ke bakin ruwan.